Shanun Baffa Manu da Gonar Tudu

Kulu, wannan rubutun naki ne. Jiya kin dawo daga makaranta kin jefar da jaka a bakin ƙofa, kin ce malaminku ya ba ku wani rubutu ya ce ku gano yadda aka gina shi, ke kuwa ba ki ga amfanin wahalar ba tunda kin karanta kin san abin da aka ce. Na yi miki dariya. Amma da kika shige ɗaki sai na ajiye faifan da nake tsintar shinkafa. Kina firamare lokacin da muka baro gida, kuma muna isowa Mafara aka wuce da ke wurin Gwaggo a Bakura, don haka abin da kika sani game da shekarar nan guntaye ne da kika tsinta daga baya a bakin mata wurin ɗibar ruwa. Na ji da kunnena wata ta ce miki yayarki ce ta tsaya wa wanda ya sayar da ubanku. Ba ki tambaye ni ba, ni ma ban iya ce miki komai ba. Har yau in na fara da baki, murya ce ke fara guduwa ta bar ni. Shi ya sa zan rubuta miki, a jere, daga inda abin ya faro.

Ni ma ina aji biyu na ƙaramar sakandare, a makarantar je-ka-ka-dawo da ke kusa da ƙauyenmu a ƙasar Maradun, na gamu da wannan darasin. Malama Rabi ce ke koya mana karatu, 'yar Bakura, gajeriya, mai muryar da ke kai wa bayan aji ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta sha fama da mu. In ta ce mu faɗi abin da muka karanta, sai kowa ya damƙo abin da ya fi burge shi ya jefo mata, wani wutsiya, wani ƙafa. Wata rana ta ajiye alli ta ce mu biyo ta. Muka bi ta har bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan madatsar Bakolori gonakin rani. Ta nuna mana babbar hanyar ruwa, ta nuna ƙananan da suka ɓalle daga jikinta, har zuwa inda wani mai albasa ke buɗe wa fangali ruwa da fartanya, yana toshe na kusa da shi da laka.

"Wancan fangalin da ya jiƙa, daga ina ruwanai ya taho?" in ji ta.

"Daga ƙasa, Malama," in ji wani ɗan ajinmu, don a yi dariya.

"Daga ƙasan kanka dai. Kai in anka girgiza ka, gero da wake da tsakuwa za su zubo tare."

Da dariya ta lafa ta ce rubutu ma haka yake. Yana da inda aka buɗe shi, yana da babbar hanyar da maganar ke bi, yana da rassa, yana da inda ya zube. Wanda ya tsaya a kan fangali ɗaya ya ce ya san ruwa, laka kawai ya sani. Daga ranar nan muka yi makonni tana nuna mana cewa ba iri ɗaya ake gina rubutu ba. Wani jeri ne, wannan ya faru sannan wancan. Wani dalili ne da abin da ya haifa. Wani abu biyu ake jingina wa juna don a ga inda suka bambanta, wani kuma matsala ake fara kawowa sannan mafita. Abin da ta fi hana mu shi ne mu rikita jeri da dalili. Muna kan hanyar komawa aji ranar nan wasu tumaki suka gitta mu, ta tsaya ta nuna su da baki.

"Ga su nan, ɗaya gaba ɗaya baya. Wa ya ce muku ta gaba ita ta haifi ta baya?"

Na ci jarrabawar, na manta darasin, kamar yadda kowa ke yi. Na gama sakandare na zauna gida ina taya Inna aiki.

Yanzu sai gonar tudu. Kin tuna ta, wadda ke can nesa da gari, mai tsamiya a tsakiya. A daminar shekarar nan gonar ta gaji. Geron da ta yi kansa bai wuce yatsa ba. Maganin gajiyar gona a wurinmu tun kakanni shi ne shanu: in an kwashe amfani, makiyayi ya sauke garkensa a cikinta, su ci kara da ganye, su kwana, su bar taki, manomi kuma ya kai masa damin gero da abinci. Makiyayinmu Baffa Manu ne, Bafillacen da katanga ɗaya ta raba mu da shi. A ƙauyen aka haife shi, sahu ɗaya suke tsayawa da Baba a masallaci, 'yarsa Dije kuwa tare muka yi wasan ƙasa. Kowace kaka da gonar Maigari yake farawa, sannan ya bi sauran. Ranar da na kai wa Baba abinci a gonar tudu na tarar da su biyu suna duban geron, Baba na roƙonsa bana ya faro daga nan.

"Kai Manu, shanunka ma gidan sarauta sunka sani, awa kai."

"To Malam, taki ma yana son a roƙe shi. Bari in nemi izinin Maigari, kar shi ce na sake ubangida."

Kaka ta zo, aka kwashe gero da dawa. Ranar wata Laraba Baba ya sa Tsoho Tanko mai jaki ya ɗora dami ya kai gidan Baffa Manu, ni kuma ya ba ni goro ya ce in ce masa gonar tudu ta zama tasa, gobe ya tashi. Baffa Manu ya karɓi goron ya ce in gai da Baba, in ce masa saniya ɗaya na gab da haihuwa, ba ya son ya tura ta tafiya, a bari sai bayan Juma'a. Na kawo saƙon. Baba ya ce sam, in aka jira baƙin shanu za su riga shi cinye karan, in koma in faɗa masa. Na koma. Baffa Manu ya dube ni ya yi dariya har ya riƙe gemu.

"Ubanki in ya so abu, ko ciwon haƙori bai kai shi naci ba. Ki ce mai na ji."

Da safiyar Alhamis ya kora shanu, matarsa da Dije suka bi shi da ƙorai saboda tatsa, kamar kowace shekara. Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan bindiga suka shigo gari.

Ba zan rubuta miki ranar nan duka ba. Na ji ƙarar babura da yawa a lokaci ɗaya, na ji Inna ta ce in ɗauke ki. Na ja ki muka faɗa kwazazzabon bayan gida, na danne miki kai a cinyata don kar ki gani. Da muka fito rumbuna na ci da wuta, har da na Baffa Manu. Baba yana kwance a bakin nasa rumbun, igiyar ɗaurin dami na hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk waɗanda suka tafi tare da shi.

Gari ya watse. Mu muka sauka a Mafara gidan Kawu Sale, wan Inna, mai sayen albasa yana lodawa kudu. Sauran mutanenmu suka rarrabu gidajen dangi da kangayen da ba a gama ginawa ba. A kwanakin zaman makoki ban san kaina ba. In babur ya wuce a lungu sai in tsinci kaina a bayan randa. Mata na shigowa gaisuwa suna tambayata yadda aka yi, ni kuma in na buɗe baki ba abin da ke fitowa sai guntaye, kuma kullum daga ƙarshe nake farawa. Igiya a hannun Baba. Wuta. Babura. Baffa Manu ya kwashe shanu. Sai kuka ya sarƙe ni. Matan suka ɗauki guntayen suka fita da su, a waje aka jera su yadda zuciyar da ta ƙone ke so: ya kwashe shanunsa da iyalinsa ranar Alhamis, aka zo ranar Juma'a. Wa ya faɗa masa? Kafin a yi sadakar bakwai maganar ta zama tabbas, har ana cewa ai ɗiyar Malam da kanta ta faɗa.

Shi kuwa Baffa Manu bai san ana yi ba. Da ƙafarsa ya tako har Mafara don ya yi wa Inna ta'aziyya. Yana ƙofar gidan Kawu, bai gama sallama ba, samarin garinmu suka rufe shi da duka. Ina daga soro na ji muryarsa yana cewa, "Ku bari in gai da matar Malam tukuna." Allah ya sa Maigari na kusa. Ya shiga tsakani da sandarsa, ya tafi da shi gidan da ya sauka, ya kulle shi a ɗaki, rabi tsarewa rabi ɓoyewa. Ya ce ranar Talata in an taso daga kasuwa za a zauna. In maganar ta tabbata, zai miƙa shi ga 'yan sa-kai. Kowa ya san wanda aka miƙa da irin wannan zargi ba ya dawowa.

Ana saura kwana kaɗan Malama Rabi ta zo gaisuwa. Ashe an maido ta wata makaranta a nan Mafara. Ta gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, ta yi addu'a, sannan ta same ni a bayan ɗaki ina zaune kusa da turmi. Ba ta ce in yi haƙuri ba, kowa ya riga ya ce. Ta zauna a ƙasa da zanenta mai kyau.

"Luba, an ce ke kinka ce Manu ya san za a zo."

"Ban ce ba, Malama."

"To mi kinka ce?"

Na fara, sai ga igiya, sai ga wuta. Ta bar ni har na yi shiru. Sannan ta ɗauki wani ɗan kara ta ja dogon layi a ƙasa, ta fitar masa da rassa, ta yi ɗan murabba'i a can ƙarshe ta dangwala karan a ciki.

"Nan kike tsaye, cikin fangalin ƙarshe, laka har gwiwa. Ba ni son nan yanzu. Ina anka buɗe ruwan?"

"Ranar Alhamis da ya tashi."

"Haka kawai ya tashi? Hau sama."

"Ranar Laraba Baba ya aike ni."

"Don mi? Hau sama."

Na yi ta hawa har na kai ranar da na kai abinci gonar tudu, gero na tsaye da kai kamar yatsa. Abin mamaki, can sama babu wuta, babu babura. Baba na da rai yana tsokanar amininsa. A nan muryata ta zauna. Muka gangaro tare, tana tsayar da ni a kowane reshe tana tambaya, wannan biyo baya ya yi ko haifarsa aka yi? Gajiyar gona ta haifi roƙon Baba. Roƙon Baba ya haifi tashin shanu. Zuwan 'yan bindiga kuwa biyo baya kawai ya yi, ba abin da ya ɗaure shi da na gabansa sai kwana ɗaya da ke tsakani. Da na ga haka a zane a ƙasa sai na gane cewa ni kaɗai ce a raye da ta ji Baffa Manu ya roƙi a bar shi sai bayan Juma'a. Da tasa aka bi, da shi da shanunsa da Dije suna cikin gari ranar nan.

"Ba ni ce miki ki je, ba ni ce miki kar ki je," in ji Malama tana kakkaɓe zane. "Ni karatu na koya miki. Amma in kin je, kar ki bari kowa shi ja ki ƙasa kafin ruwa shi kai."

Da na faɗa a gida cewa zan je, Kawu Sale ya ajiye kofin shayinsa. Ba mugu ba ne, Kulu, kar ki riƙe shi da haka. Ya ciyar da mu lokacin da ba mu da ko tabarma. Amma da mutanen garinmu yake ciniki, kuma ya ga idanunsu.

"Ke yarinya, kin san mi za ki jawo? Mutane sun rasa 'yan'uwansu, sun samu inda za su aje baƙin cikinsu, ke za ki ce su ɗauke? Kuma in kin ce ubanki ya matsa a tashi ranar nan, gobe za a ce ashe shi ya sani."

Wannan ta ƙarshen ita ta soki Inna. Kin san ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari, ko kallona sosai ba ta yi a gaban mutane. Ranar nan ta dube ni ido cikin ido.

"Za ki tono sunan ubanki daga kabari ki kai shi zaure a tattaka?"

Na tashi na koma bayan ɗaki. Na wuni ina juya abin. In na yi shiru sunan Baba ya tsira, mu ma mu tsira da wurin kwana. Amma saƙon da Baba ya ba ni, ni na kai shi, sau biyu. Mutumin ya bi maganar Baba ne ya shiga wannan hali. Na tambayi kaina, da Baba zai iya tashi ya tako zauren nan, zai zauna a gida? Na san amsar tun kafin in gama tambayar.

Ranar Talata na sa hijabin Inna na bi bayan Malama. Ita ta tsaya a waje, ta ce ba garinsu ba ne. Zauren ya cika har ƙofa. Baffa Manu na zaune a gefe, leɓensa a kumbure, bai ɗaga kai ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaida Maigari da dattawa, suka yi mini ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, na amsa. Maigari ya ce an ce ina da magana. Na runtse ido na nemo layin da Malama ta ja a ƙasa, na hau can samansa.

"Ranka shi daɗe, a daminar bana gonar Baba ta tudu ta gaji."

Aka yi guna-guni. Isiya, wanda aka kashe wansa a bakin masallaci, ya miƙe. Tare muka yi firamare da shi, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Mu ba labarin gona munka zo ji ba. Ya kwashe shanu ranar Alhamis ko bai kwashe ba?"

"Ya kwashe."

"Sunka zo ranar Juma'a ko ba su zo ba?"

"Sun zo."

"To mi ya rage?"

"Ban kai nan ba tukuna, Isiya."

Ban san inda na samo wannan maganar ba. Maigari ya buga sanda a ƙasa ya ce yarinya ta faro daga damina, a bar ta ta kai kaka. Na ci gaba. Na faɗi kan geron, na faɗi roƙon Baba, na faɗi abin da Baffa Manu ya ce game da izini. Ina nan sai wani babur ya shigo lungun da gudu. Ban san lokacin da na kife a ƙasa na rufe kai ba. Da ƙarar ta wuce na ji wuta da igiya suna tasowa za su cika mini baki kamar kullum. Amma wannan karon na san inda nake. Ina kan reshen izini, na gaba shi ne Laraba. Na tashi zaune na kama daga nan: jaki da dami, goro, saniya mai ciki, a bari sai bayan Juma'a, Baba ya ce sam, na koma, ciwon haƙori. Da na faɗi ta ciwon haƙorin wani dattijo ya yi 'yar dariya ba da niyya ba, don duk wanda ya san Baba ya san nacinsa. Sai a lokacin Baffa Manu ya sa hannu ya rufe fuska.

Daga baya-baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba, to ashe Malam ne ya san ranar. Abin da Inna ta ji tsoro ke nan, ya kuwa zo. Tsoho Tanko mai jaki ya juya ya neme shi da ido.

"Wanda ya san za a zo, shi za a iske bakin rumbunai da igiya a hannu? Ka ji tsoron Allah. Damin nan ni na ɗora shi a jakina na kai gidan Manu ranar Laraba."

Sai Maigari ya ce shi ma ya tuna, tun gero bai nuna ba Manu ya kawo masa goro ya nemi izinin farawa da gonar Malam, abin da bai sani ba shi ne wanda ya tsayar da ranar. Wani ya ce ai ya ga saniyar, cikinta har ƙasa. Wani ya ce matar Manu ba ta taɓa zama gida ba in shanu na gona. Ashe kowa na riƙe da guntunsa, Kulu. Ba ƙarya suka yi ba da suka yi shiru. Guntun ne kowa ya rasa inda zai sa shi, sai da aka shimfiɗa hanyar tun daga sama, kowane ya ga gurbinsa. Maigari ya ce bai ga abin da zai miƙa mutum a kansa ba. Isiya ya fita, wasu suka bi shi. Kafin magariba aka sa Baffa Manu a mota aka fitar da shi ta hanyar Bakura, ba a bari ya gai da Inna ba.

Ba kowa ya yarda ba, har yau. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa yana son fuskar da zai tsana, ni kuma na ɗauke musu ita ban ba su wata ba. Na daina jin haushinsu. Abokan cinikin Kawu biyu suka janye daga gare shi, ya daina amsa gaisuwata, bayan ɗan lokaci ya ce wa Inna gidan ya yi mana kaɗan. Malama ce ta samo mana ɗakin nan da muke ciki a gidan wata 'yar'uwarta. Wurin famfo in na ajiye bokiti, hira na mutuwa. Abin da ya fi mini ciwo shi ne Inna. Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana ba ni abinci, tana aike na, amma tsakaninmu kamar an ja labule. Na kan kwanta ina tambayar kaina ko na sayar da kwanciyar hankalinta ne da abin da ba nawa ba.

Haka muka zauna har wata damina ta zo ta kusa fita. Wata ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama, sai ga Dije da ƙwaryar nono a ka. Ta rame, ta yi tsawo. Muka tsaya muna kallon juna, na rasa ta inda zan fara. Ta wuce ni ta durƙusa gaban Inna ta sauke ƙwaryar, ta yi gaisuwar da ubanta bai samu ya yi ba, tun daga farko, kamar jiya aka yi rasuwar. Inna ta amsa. Ta tambayi mahaifiyarta, ta tambayi shanu. Dije ta ce saniyar nan ta haihu a gonar tudu, mace ta haifa. Ta ce kwanan baya Baffa ya bi ta can nesa da garinmu, ba a shiga, amma ya hango gonar daga kan hanya. Ba wanda ya shuka ta. Ciyawar da ta fito a cikinta ta fi mutum tsawo, kore shar, tsamiyar ma da ƙyar ake ganin gindinta.

Inna ta jawo ƙwaryar ta buɗe faifan ta duba nonon.

"Ashe gonar ta sha takin," in ji ta. "Malam ya ce ba mutuwa ta yi ba, gajiya ce."

Ta ɗauko ludayi ta fara dama fura. Ba ta dube ni ba, Dije take wa magana.

"In kin koma ki gai da babanki. Ki ce mai Malam ya bar wadda ta iya kai saƙo."

Ta zuba furar a kofi biyu, ta tura ɗaya gaban Dije, ɗayan ta turo shi gefen da nake.

Abin da ya faru ke nan, Kulu, a jerensa. Har yanzu in babur ya shigo lungu ina neman bango, ban san ranar da zan daina ba. Amma gobe in kin dawo, kar ki jefar da jakar. Ki kawo rubutun nan mu zauna bakin turmi. Ki zo da ɗan kara.